Matsayin naƙasassu a dokar yanar gizo ta Nijar: matsalar kalmomi da matsalar mutunci

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan ƴar takarda shi ne mu duba matsayin naƙasassu a cikin dokar ƙasar Nijar mai hukunta laifuffukan yanar gizo, mu kuma duba gardamar da ake yi a kansu, da wadda su kansu suke yi, a dandalin Facebook da WhatsApp da TikTok na masu magana da Hausa. Ta fuskar harshe za mu bi maganar, domin laifuffukan da suka shafe mu a nan na baki ne, wato zagi da ɓata suna da cin mutunci. Da Faransanci aka rubuta dokar, alhali yawancin maganganun da za a auna da ita da harsunan gida ake yin su. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, tambayar yadda za a faɗi wannan doka da Hausa ta zama aikin da ke jiran masu nazarin harshe.

Mutanen da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami naƙasassu 715,497, wato kashi 4.2 cikin ɗari na al'ummar ƙasa.

2. Abin da doka ta ce

Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ita ce tushe. Ayoyi uku ne suka fi shahara a cikinta: aya ta 29 a kan ɓata suna, aya ta 30 a kan zagi, sai aya ta 31 a kan watsa bayanan da za su iya ta da hankalin jama'a ko su taɓa abin da ta kira dignité humaine. A farko hukuncinsu ɗauri ne na wata 6 zuwa shekara 3, da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na kuɗin sefa. A watan Yuni 2022, zamanin shugaba Bazoum Mohamed, an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi. Ranar 7 ga Yuni 2024 kuma Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 ga mai zagi ko ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya saɓa wa aya ta 31, ko da abin da ya watsa gaskiya ne.

Shari'un da suka sa jama'a suka san da dokar na ƴan jarida ne da ƴan farar hula, kamar tsare Samira Sabou da aka yi a watan Yuni 2020. Saboda haka duk muhawarar da aka yi a kanta ta tsaya a kan ƴancin faɗin albarkacin baki tsakanin talaka da mai mulki. Wannan muhawara tana da dalilinta, sai dai ta rufe wata tambaya: mutumin da ba shi da mulki, aka ɗauki hoton ƙafarsa ko idonsa aka yi ta yawo da shi ana dariya, me dokar ta tanadar masa?

A cikin ayoyin nan uku babu inda aka ambaci naƙasa. Wannan kuwa gado ne. Yarjeniyoyin da ƙasashen Afirka suka yi koyi da su, wato ƙarin yarjejeniyar Budapest na 2003 da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 27 ga Yuni 2014, in sun zo lissafa dalilan da zagi ke zama laifin ƙiyayya, launin fata suke ambata, da asali, da ƙabila, da addini. Haka sashe na 26 na dokar Najeriya ta 2015 ya yi. Abin lura shi ne Faransa, wadda daga dokarta ta ƴan jarida ta 1881 muka aro ma'anar zagi da ɓata suna, ta shigar da naƙasa cikin wannan jeri tun ranar 30 ga Disamba 2004. Mun aro tsohuwar riga ke nan, ba mu aro facin da mai ita ya yi mata ba.

A wani gefen kuma akwai dokokin naƙasassu: ta 2 ga Maris 1993 mai lamba 93-012, wadda ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, da doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019. Nijar ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a watan Yuni 2008. Wata biyar ne kawai tsakanin dokar yanar gizo da dokar naƙasassu, majalisa guda ce ta zartar da su, amma mai karanta su zai ga kowace da hanyarta.

3. Wace kalma ce zagi?

Ma'anar zagi a doka ita ce kalmar raini ko wulaƙanci wadda ba ta ƙunshi zargin wani aiki ba. Alƙalin da aka kawo wa ƙarar wanda aka kira gurgu a Facebook, dole ya fara yanke hukunci a kan kalmar kafin ya yanke a kan mutum. Nan kuwa Hausawa ba su daidaita ba.

Tsofaffin sunaye su ne makaho, kurma, bebe, gurgu, kuturu, wada, zabiya. Waɗannan kalmomi suna da fuska biyu tun asali. Da su ake sarauta: akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu a biranen ƙasar Hausa, masu rawani da fada da mabiya. Da su ake laƙabi ba tare da jin kunya ba, kamar Malam Audu Makaho na Birnin Kabi, kuma ba a taɓa ɓoye makantar Aliyu Namangi na Zariya ba in ana yabon Imfiraji. Amma da su kuma ake karin maganar da ke sa naƙasasshe ya zama abin misali na wauta ko na wayo ko na rashin cancanta. Mai cewa «in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse» yana yaba dabara. Mai cewa «kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano» yana nufin kuɗi ne kaɗai suka ba kuturu izinin taɓa abin da lafiyayye zai taɓa kyauta. Lafiyayye bai cika jin wannan ma'ana ta biyu ba, mai lalurar shi ke jin ta.

Kalmar gama-gari, naƙasasshe, ita ma tana da matsala a ƙirarta. Sifa ce irin ta karyayye da fasasshe da lalatacce, wadda ke nuna abin da aiki ya riga ya auka wa har ya gama da shi. Tushenta na Larabci yana nufin raguwa, kuma da ita ake siffanta dabbar da ba ta isa layya ba. Ta haɗiye mutum gaba ɗaya ke nan cikin raunin gaɓa guda. Musaki ta fi ta muni a kunnen matasa, don tana tafe da inuwar bara. Wannan ya sa kafofin watsa labarai na Najeriya suka yawaita cewa masu buƙata ta musamman ko masu lalura ta musamman, kuma lafazin ya tsallako iyaka ta rediyo da salula. Ƙirar mai/masu tana raba mutum da halin da yake ciki, kamar yadda Faransanci ya tashi daga infirme zuwa personne handicapée.

Sai dai sabon lafazin bai gamsar da kowa ba. Masu sukarsa suna cewa doguwar riga ce da lafiyayyu suka ɗinka don kada su ji nauyin faɗin gaskiya: tsoho ma yana da buƙata ta musamman, haka mai ciki, haka jariri, to a ina za a gane makaho in an zo rabon haƙƙi? Ƙungiyar makafi ta ƙasa ba ta sake sunanta ba, makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba a Yamai ma haka. A ganinmu waɗannan suna da hujja mai ƙarfi. Kalmar makaho a bakin makaho suna ce, a bakin mai gardamar siyasa da ke cewa abokin hamayyarsa makaho ne zagi ce, kuma zagin ya sauka a kan mutum biyu: wanda aka nufa, da wanda aka yi zagin da sunansa. Na farko yana iya kai ƙara bisa aya ta 30. Na biyu ba shi da ƙofar shiga, tun da ba a ambace shi ba.

Kamfanonin ma ba su fi alƙali sauƙi ba. Ƙa'idojin Facebook sun lissafa naƙasa cikin abubuwan da aka hana cin zarafin mutum dominsu. Amma na'urar da ke tace rubutu da jerin kalmomi ba ta jin habaici, ba ta jin gatse, ba ta jin shaguɓe, kuma da waɗannan Bahaushe ya fi yin zagi mai zafi. In an sa gurgu cikin jerin haramtattun kalmomi, guragu ne za a fara toshe wa baki, don su suka fi kowa faɗin ta.

4. Mutunci da dignité

Tun da aya ta 30 ba ta wadatar ba, saura aya ta 31. A zahiri ita ce ta fi dacewa da hoton da aka watsa don a yi dariya. Mafassari zai yi saurin cewa dignité humaine ita ce mutuncin ɗan Adam, amma ya kamata a tsaya a nan, domin kalmomin biyu ba su yi daidai ba.

Mutunci a Hausa abu ne na tsakanin mutane. Ana ganin mutuncin mutum, ana cin mutuncinsa, yana iya zub da shi da kansa, yana iya saye shi da halin kirki. Har akan ce wane ba shi da mutunci. Yana da mai shi, kuma mai shi ne ke cewa an ci. Dignité ta masana shari'a kuwa ba ta raguwa, ba a zub da ita, ba kuma mallakar mutum guda ba ce: ta jinsin ɗan Adam ce baki ɗaya. Sakamakon haka hukuma tana iya kare ta ko da wanda abin ya shafa bai nema ba, har ma in ya ƙi.

Shari'ar da ta kafa wannan fahimta a Faransa a kan naƙasasshe aka yi ta. A shekarar 1991 magajin garin Morsang-sur-Orge ya hana wani wasa da ake yi a gidan rawa, inda ƴan kallo ke jefa wani wada a kan katifa, shi kuwa ana biyansa. Wadan da kansa ya ƙalubalanci hanin, yana cewa sana'arsa ce kuma da yardarsa ake yi. Ranar 27 ga Oktoba 1995 kotun ƙoli ta harkokin mulki, Conseil d'État, ta ba magajin gari gaskiya, ta ce mutunta ɗan Adam wani ɓangare ne na zaman lafiyar jama'a. Mutumin ya kai kuka kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2002 can ma ya faɗi. Mai karatu zai lura cewa abubuwa biyun da wannan hukunci ya ɗaure wuri guda, zaman lafiyar jama'a da mutuncin ɗan Adam, su ne aya ta 31 ta jera kafaɗa da kafaɗa.

Ba mu cewa wasan jifa da mutum abin so ne. Abin da muke nunawa shi ne wanda ke riƙe da mabuɗi. Wani abu da ya faru a Kano ya bayyana shi sarai. A watan Oktoba 2025 hukumar tace fina-finai ta jihar ta kai wasu ƴan TikTok biyu kotu, saurayi da wata mace wada, bisa zargin watsa hotunan da suka saɓa wa tarbiyya. Kotun majistare ta umarci Hisba ta ɗaura musu aure cikin kwana 60. Ƙungiyar lauyoyin Najeriya ta soki hukuncin, ta ce kotu ba ta da ikon tilasta wa baligai aure, daga baya kuma aka fasa. Ana iya karanta al'amarin ta hanya biyu. Ko dai an yi amfani da jikin matar don jawo ƴan kallo, ta zama abin dariya wani yana cin riba. Ko kuwa baliga ce da ta sami hanyar suna da abinci a inda sauran hanyoyi suke a rufe gare ta. Kowace fahimta tana da masu ita. Amma tuhumar da aka yi ba ta cin zarafin naƙasasshiya ba ce, ta ɓata tarbiyyar jama'a ce, kuma matar a layin waɗanda ake tuhuma ta tsaya. Maganin da aka samo shi ne a sa ta ƙarƙashin miji.

Kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A watan Disamba 2019 jaridar Netzpolitik ta Jamus ta fallasa umarnin da TikTok ya ba ma'aikatansa: in sun ga mai hoton yana da alamar naƙasa, a rage yawan waɗanda za su gan shi, wai don kada a tsangwame shi. Kamfanin ya amsa cewa ya yi haka, ya ce ya daina. Wato maimakon a kori mai jifa, sai aka kulle wanda ake jifa a ɗaka. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu, don akwai gidajen da ake ɓoye yaro mai lalura in baƙi sun zo, kuma masu yin haka da sunan tausayi suke yi.

Akwai misalin da ya bi wata hanya. Dokar Ingila ta kiyaye lafiyar masu amfani da yanar gizo, ta Oktoba 2023, ta ƙunshi laifi na musamman: aika wa mai farfaɗiya hoto mai walƙiya da niyyar ta da masa ciwo, hukuncinsa har shekara 5. Masu farfaɗiya da ƙungiyarsu ne suka yi ta fafitika har aka rubuta shi. Saboda haka ayar ta ambaci cuta takamaimai, da wanda aka cuta, da niyyar mai cutarwa, ba ta bar wa hukuma faffadar kalma ta fassara yadda ta ga dama ba. Aya ta 4 ta yarjejeniyar da Nijar ta amince da ita a 2008 ta wajabta irin wannan shawara da ƙungiyoyin naƙasassu a duk dokar da ta shafe su, kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, FNPH, tana nan Yamai.

In za mu ba mafassari shawara, martabar ɗan Adam ko darajar ɗan Adam ta fi kusa da abin da Faransancin ke nufi. Amma in aka zaɓi mutunci, to a sani an shigar da wani abu da babu shi a asali, wato haƙƙin mai mutunci ya faɗi ko an ci ko ba a ci ba. Mu dai mun fi son wannan kuskuren fassara a kan daidai ɗin.

5. Hoton neman taimako

Gardamar da ta fi zafi tsakanin naƙasassu kansu ba a kan zagi take ba, a kan tausayi take. Kowa ya saba ganin hoton majinyaci ko naƙasasshe a kwance, an buɗe inda ciwon yake, an rubuta lambar da za a aika kuɗi, an roƙi jama'a su watsa don Allah. Sau da yawa taimakon yana zuwa, ana yin aikin likita, ana sayen keke. Ƴan boko daga cikin naƙasassu suna ganin wannan bara ce ta koma salula, kuma tana rusa aikin shekaru na nuna cewa su ma'aikata ne, ɗalibai ne, masu sana'a ne. Wanda aka saya wa keken yana ganin masu wannan magana sun ƙoshi. Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar ma ta daɗe da wannan rabuwar zuciya, don ta haramta bara amma ta ɗauke hukunci daga kan tsofaffi da masu naƙasa.

A nan dokar da ta fi amfani ita ce ta kare bayanan mutum, wadda aka fara kafawa ranar 3 ga Mayu 2017, aka sabunta a Disamba 2022, da hukumarta HAPDP. Bayanin lafiyar mutum yana cikin waɗanda ta tsananta wa kariya, kuma ginshiƙinta shi ne yardar mai shi. Tambayoyinta masu sauƙi ne, ana iya yin su da Hausa ba tare da ƙamus ba: an tambaye shi? Ya san inda hoton zai kai? In ya warke, ko in ya girma, yana iya cewa a cire? Sai dai yardar wanda ke kwance yana jiran kuɗin magani yarda ce mai rauni, makaho kuma bai ga hoton da ya yarda da shi ba. Ga yaro da mai taɓin hankali, wani ne ke yarda a madadinsu, kuma sau da yawa shi ne mai karɓar kuɗin.

6. Wa ke cikin zauren?

Saura magana guda, a taƙaice. Naƙasassu ba jinsi guda ba ne a gaban na'ura. Saƙon murya na WhatsApp, wanda ya buɗe wa makaho da wanda bai yi makaranta ba ƙofa, shi ne ya rufe wa kurma ita. Hoton bidiyo ya ba kurame damar yin maganar hannu daga nesa, irin wadda Constanze Schmaling ta bayyana a nazarinta na Kano a shekarar 2000, amma sanarwar da aka ɗauka hoto aka watsa, na'urar da ke karanta wa makaho rubutu ba kullum take gane ta ba. Hanyar kai ƙara ga kamfani rubutu ce, ta kai ƙara kotu kuwa tana bukatar ƙafa da kuɗin mota da tafinta. Kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda a 2020 ta ce sashe na 24 na dokar Najeriya ya tauye ƴancin magana, ta fita daga hannun ɗan Nijar tun da ƙasar ta bar ƙungiyar a Janairu 2025.

A watan Fabrairu 2025 ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, ya yi maganar shirin wajabta neman izini ga zaurukan Facebook da WhatsApp masu mutum 50 ko fiye. Ƴan kasuwa da ƴan siyasa aka fi tunawa da aka ji wannan magana. Amma ga wanda hawa mota zuwa taro ke ci masa yini guda, ko wanda ba mai jin maganar hannunsa a unguwarsu, irin wannan zaure shi ne wurin taron ƙungiya, nan ake sanar da gurbin aiki da rabon kekuna, nan kuma ake yin ita wannan gardama ta ko a ce makaho ko a ce mai lalurar gani.